Wardin Daji a Kan Takarda, da Rabonmu a Cikin Al'amarinsa

Ya ku malamai da fatake na ƙasar Buji da Dutse da kewayensu, zancenmu na wannan karo a kan wardi yake, da wasu tsofaffin takardu waɗanda Turawa suka buga siffarsa a kansu shekara 200 da suka wuce, suka bi su ɗaya ɗaya suna sa musu launi da hannu.

Babu almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai wanda bai gamu da sunan wardi ba. Tun a babin ruwa na Ishmawi ake kawo shi, tare da za'afaran da kwaɓin gari, a misalin abubuwa masu tsarki waɗanda in sun jirkita ruwa, to, a sha shi, a yi girki da shi, amma ba a yin alwala ko wankan ibada da shi. Kalmar kuma ta zo a Suratur Rahman, aya ta 37, inda aka siffanta launin sama ranar da za ta tsage. Ɗan kasuwa shi ma ya daɗe da sanin wardi, sai dai ta hanci ya san shi. Sa'ad da Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta man wardin da ayari yake ƙetaro hamada da shi kowace shekara da wuri miliyan 40, alhali kuwa takardar da ake shigowa da ita duka bai ba ta fiye da miliyan 5 ba. Ya kuma ce kaɗan ne daga man yake isa kasuwa, domin sarakuna da manya ake kai wa har gida, ko a sayar musu, ko a yi musu gaisuwa da shi. Tsadarsa ba ta rasa dalili, gama sai an tara furen da ya kai kilo 3,000 zuwa 4,000 kafin a tatso kilo ɗaya na man. Har yanzu alhazai suna dawowa da na Ɗa'ifa, wanda ake gauraya shi da Zamzam a wanke ɗakin Ka'aba.

To, amma a tara malamai goma da fatake goma a Gantsa, a tambaye su yadda itacen wardi yake a dajinsa, ko yana da ƙaya, ko yana 'ya'ya, ganyen furensa nawa ne, da wuya a sami biyu su dace a kan amsa ɗaya. Ba kuwa laifinsu ba ne, domin wardi ba itacen ƙasarmu ba ne. Irinsa na daji sun haura 100, kuma kusan dukansu a ƙasashen sanyi na arewacin duniya suke, daga Sin zuwa Farisa da Sham da Turai da Amurka. Abin da muke gani a lambunan Jos ko a jikin kwalbar turare, mai fure cunkus kamar an naɗa rawani, wannan aikin manoma ne na ɗaruruwan shekaru, suna zaɓe suna haɗa iri da iri. Na dajin ganyen furensa biyar ne rak, a buɗe kamar tafin hannu, fari ko ja mai haske, da tarin zare-zare masu ƙurar rawaya a tsakiya. Reshensa ƙaya ce lanƙwasassa irin ta magarya, ganyensa ƙanana ne a jere biyar ko bakwai, bakinsu kamar zarto. In furen ya kaɗe sai ya bar ɗa ja, wanda bai fi ɗan kurna girma da yawa ba. Wardin Dimashƙa da ake tatsar turare daga gare shi, wani bincike da aka buga a 2000 ya nuna jikan iri uku ne na daji. Masu lambu a Turai kuma sun daɗe suna yi wa wardin gida aure a kan gindin na daji, kamar yadda ake yi wa mangwaro a nan, saboda na dajin ya fi jure wahala.

Me ya sa masana suka damu da zana shi? Domin fure ba ya jira. Wardin daji mako kaɗan yake yi a shekara, in an tsinke shi ya yi yaushi kafin la'asar, in an busar da shi launin ya gudu. Siffantawa da kalmomi kuma ba ta wadatarwa, don iri ashirin suna iya shiga ƙarƙashin siffa ɗaya. Musulmi sun riga Turawan wannan zamani gane haka. A Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya aka juya littafin tsirrai na Bayunane Diyuskuridis zuwa Larabci, Hunainu ɗan Ishaƙa ya gyara fassarar, kuma har yau akwai kofe-kofensa masu zanen itatuwa, ciki har da wanda aka rubuta a 1224. Ibnul Baiɗar, mutumin Malaga ta Andalus wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tara magunguna da abinci wajen 1,400 a littafinsa. Kuma malamai sun san abin da ya zo a Bukhari da Muslim, cewa Ibnu Abbas, Allah ya yarda da shi, ya hana wani mai sana'ar zane siffanta abu mai rai, ya ba shi izinin itatuwa da abin da ba shi da rai. Saboda haka ba a kan haramun muke magana ba.

Amma zanen hannu yana da wata illa wadda duk marubucin Alƙur'ani zai gane ta nan da nan. Rubutu in an kwafe shi, ana muƙabala da asali, a kama harafin da ya faɗi a mayar. Zane kuwa ba shi da haruffan da za a ƙidaya. Mai kwafa na farko ya ɗan tsawaita ganye, na biyu ya daidaita reshe don ya yi kyan gani, na uku bai taɓa ganin itacen ba ma, har a kai na goma a iske abin da ke takarda ba ya tsiro a ko'ina a duniya. Farantin jan ƙarfe shi ya yi maganin wannan. Mai zane ya zauna gaban itacen da idonsa ya zana sau ɗaya, a haƙa zanen a ƙarfe, sa'an nan kowace takarda da ta fito daga farantin nan riwaya ce kai tsaye daga mai gani, ba mutum tara a tsakani.

Ga yadda aikin yake. Ana samun faranti na jan ƙarfe, a goge shi sumul har ya yi ƙyalli. Mai haƙa ya ɗauki ɗan ƙarfe mai tsini ya bi zanen yana yanka ƙananan kwari a fuskar farantin, ko kuwa a shafe farantin da kaki, a karce kakin da allura, a zuba ruwan ƙarfi ya ci inda aka karce. A juye ake yin komai, dama ta koma hagu, kamar hatimin sarki ko na alƙali. Sa'an nan a cusa tawada mai kauri cikin kwarin, a share fuskar farantin tas har babu saura sai wadda ta maƙale a ciki. A jiƙa takarda ta yi laushi, a ɗora, a bi da su ta tsakanin manyan gungume biyu masu matsewa, takardar ta nutsa cikin kwarin ta tsotso tawadar. Kowace takarda sai an sake cusawa an sake sharewa. Jan ƙarfe kuma mai taushi ne, yana lalacewa da yawan matsa, don haka takardun farko sun fi na baya kaifi.

Abin da ya fito daga nan baƙi da fari ne. Launin kuwa aikin wasu mutane ne dabam, yawancinsu mata da yara waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. A ajiye musu samfuri ɗaya wanda mai zane ya gama da hannunsa, su zauna da burushi da ƴan kwanonin launi suna bin sa takarda bayan takarda. Mujallar tsirrai ta William Curtis, wadda ta fara fitowa a London a 1787, zane uku take ɗauke da su kowane wata, kuma a farkon zamaninta ana buga kofe wajen 3,000. Mai lissafi ya buga ya gani, takarda 9,000 ke nan a wata, kowace sai hannu ya bi ta. Ba su daina sa launi da hannu ba sai a 1948.

Wadda ta fara keɓe littafi sukutum ga wardi da irin wannan zane wata mace ce a Ingila, Mary Lawrance, malamar koyar da zane. Ta gama shi a 1799 da faranti 90, ita ta zana, ita ta haƙa. Amma wanda sunansa ya rufe na kowa shi ne Pierre-Joseph Redouté, ana faɗinsa Redute. An haife shi a 1759 a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, ya yi aikinsa a Faris, ya zana wa Josefin matar Napoliyon furannin lambunta na Malmaison. Littafinsa Les Roses ya fito kashi kashi har kashi 30, daga 1817 zuwa 1824, da zanen wardi 169, wani masani mai suna Thory yana rubuta bayaninsu. Hanyarsa ta ɗan bambanta da ta sauran. Maimakon layi, da ɗigo-ɗigo ake haƙa farantinsa, dubbai, inda ake son duhu a cunkusa su, inda ake son haske a warwatsa su, shi ya sa ganyen furensa yake fitowa da laushi kamar a taɓa. Kuma tun a kan farantin ake sa launi, a dangwala kore a wurin ganye da ɗan tsumma, ja a wurin fure, a buga gaba ɗaya, sa'an nan a ƙarasa da burushi. Mutane sun fi sha'awar manyan furanninsa na lambu, su ake kwafa a jikin faranti da kalanda. Ni dai a ganina na dajin sun fi daraja, domin a nan ne ba shi da wurin ɓoya. Fure mai ganye ɗari, in ka ƙara goma ba mai ganewa. Mai ganye biyar kuwa, da ƙayarsa da ɗan gashin da ke gindin furen, in ka kuskure ɗaya ka mai da shi wani iri. Da duk wannan suna, cikin bashi Redute ya ƙare, ya rasu a 1840.

Yanzu ga inda ƙasarmu ta fara shigowa. Launin ruwa da ake sa wa takardun nan gari ne kawai, na ƙasa ko na dutse ko na itace, ba ya kama takarda sai an dama shi da ƙaro. Masu sa launi kuma sukan shafa ƙaro tsantsa a kan wuraren duhu na ganye da 'ya'ya don su yi sheƙi, wanda har yau in an karkata takardar ga haske ana ganinsa. A wancan zamani yawancin ƙaron Turai daga bakin kogin Sanagal yake zuwa, har Faransa da Ingila suka yi ta jayayya a kan cinikinsa. Itacen da ke zubar da shi kuwa dakwara ce, ita ce dai wadda take a dajin arewacin Jigawa da Yobe da Barno. Watau abin da ya riƙe jan wardin Redute a kan takarda shekara 200, shi ne abin da malam yake jefawa cikin tawadarsa don kada ta goge daga allo.

Sai kuma zancen wardin Afirka. In aka ƙetare hamada aka yi kudu, iri ɗaya tak ne na wardi yake fitowa da kansa, shi ne na duwatsun Habasha da Eritiriya, wanda kuma ake samu a tsallaken Bahar Maliya, a Yaman da kudancin ƙasar Saudiyya. Furensa fari ne mai ƙanshi, yara suna cin 'ya'yansa. Wani Baturen Ingila, Henry Salt, ya kawo shi daga tafiyarsa ta Habasha, masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa masa suna Rosa abyssinica, sa'an nan John Lindley, yana saurayi ɗan shekara 21, ya buga bayaninsa da zanensa a littafinsa na wardi a 1820. Ku riƙe sunan Robert Brown, domin zai komo.

A 1817 da littafin Redute ya fara fitowa, a shekarar ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu, Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi. A 1824 da littafin ya kammala, a shekarar ce Clapperton, wanda aka kira Abdullahi, ya isa Sakkwato wurin Bello bayan ya taso daga Barno. Abokin tafiyarsa, likita Oudney, shi ne mai tattara tsirrai a ayarin, ya kuwa rasu a Murmur kusa da Katagum ranar 12 ga Janairu na shekarar. Clapperton ya binne shi, ya ratso ƙasar da ke tsakanin Katagum da Kano, watau wannan yanki namu, ya shiga Kano ranar 20 ga watan. Busassun tsirran da ayarin ya tara, hannun Robert Brown suka faɗa. A bayanin da ya rubuta a kansu, wanda aka buga a 1826, a nan ne dangin ɗorawa suka sami sunan Parkia da duk littattafan duniya suke kiransu da shi har yau, don tunawa da matafiyin nan Mungo Park. Ashe mutumin da ya raɗa wa wardin Habasha suna, shi ya raɗa wa uwar daddawa.

Fataken goro su ma suna da nasu rabo. Goron da ayarin Gwanja ya sha wahala a kansa, sunansa na littafi ya fara bayyana ne a 1805 a littafin lambun Malmaison, wanda Ventenat ya rubuta, Redute ya yi wa zane. A wajajen lokacin kuma wani Bafaranshe, Palisot de Beauvois, wanda ya zauna a Warri da Benin tun 1786, yana buga littafin tsirran can da zane masu launi irin wannan, ciki har da wani goron kurmi mai ɓari fiye da biyu.

Tun da takardun nan sun zama kayan ciniki, ana sayar da su a gidajen gwanjo na Turai da Amurka da kuma ta intanet, ya kamata ɗan kasuwa ya san na ƙwarai daga jabu, domin kwafin inji ya fi na asali yawa nesa ba kusa ba. A fara duba gefe. Matsar da aka yi wa jiƙaƙƙiyar takarda tana barin gurbin bakin faranti kewaye da zanen, yatsa yana jinsa. A ɗaga takardar ga rana, kamar yadda malamai suke ɗaga tsohuwar takarda su ga tambarin wata uku a cikinta. Takardar wancan zamani da tsumma ake yinta, wata da tambarin mai yinta a ciki. A sa gilashi mai ƙara girma a kan launin. Na hannu yana kwance kamar ruwa ya bushe, wani wuri ya ɗan ƙetare layi, wani wuri bai kai ba, kuma kofe biyu ba sa zama daidai. Na inji kuwa ƙananan ɗigo ne a jere reras kamar rariya, shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Kada wannan ya ruɗe da ɗigon Redute, nasa ba su da jeri, hannu ne ya warwatsa su. A ƙasan zanen kuma akan ga suna biyu da ƙananan haruffa, na mai zane a hagu, na mai haƙa a dama. Wanda ya mallaki ɗaya ya nisanta ta daga rana da laima da gara, gama rana tana shanye ja kafin kowane launi.

Akwai wani abu a cinikin nan da ba na so, kuma ya kamata a faɗe shi. Yawancin takardun da ake sayarwa ɗaiɗai, daga jikin littafi aka yanko su. Dillali ya lura in ya sayar da zane ɗaya ɗaya ya fi samun riba bisa ga sayar da littafin a ɗinke, sai ya sa wuƙa. Zanen ya tafi bangon wani attajiri, bayanin da ke faɗin sunan itacen da inda aka same shi ya tafi kwandon shara. Wannan ita ce cutar da take cin tsofaffin littattafanmu, a zare ganyen da ke da zayyana daga cikin gafaka a sayar wa baƙo, a bar magada da Alƙur'ani mai giɓi. Wanda ya gaji irin wannan amana ya kasa riƙo, ga Gidan Arewa a Kaduna, ga Jami'ar Bayero a Kano, sun san yadda ake adana su. Mai son ganin zanen Redute da na Lindley kuma ba sai ya sayi yankakkiyar takarda ba, manyan ɗakunan karatu sun ɗauki hoton littattafan cikakku sun sa a intanet kyauta.

To, duk wannan zance na kawo shi ne don in iso gida. Halin da muke ciki da wardi, suna a baki ba siffa a ido, shi ne halin da jikokinmu suke shirin shiga da itatuwan ƙasarsu. Gona ta cinye saura, gatari da masu gawayi sun bi ƙirya da marke, yaron da aka haifa a cikin Dutse yana iya girma bai taɓa tsayawa gindin taura ko ɗinya ba. Sunayen suna nan a kundin kakanni, a rubuce da ajami a gefen shafi: saiwar kaza, sassaƙen kaza, a jiƙa a sha. Sarkin Musulmi Bello kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da risala a kan sana, watau dangin filasko. Amma kundi suna yake bayarwa, yana dogara ga cewa mai karatu ya san itacen. Ran da wanda ya sani ya kwanta dama, sunan ya zama kamar mabuɗin da aka rasa ƙofarsa. Ga shi kuma sunayen ba su tsaya wuri ɗaya ba, abin da wani gari ke kira hano, wani ararraɓi yake ce masa. Kuma kama tana ruɗi. Filasko da tafasa da rai-ɗore duk furensu rawaya ne, ganyensu a jere biyu biyu, alhali ɗaya ganyen kwaɗo da miya ne, ɗaya kuwa mai gudawa ne. A kwanson ake rabewa: na tafasa dogo ne siriri kamar lauje, na filasko gajere ne mai faɗi a lanƙwashe. Mai sayar da sassaƙe a kasuwa da mai saye, dukansu lafiyar mutane ce a hannunsu.

Wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya kama aiki a wannan ƙasa a 1905 ya kuma tara tsirrai da yawa a ƙasar Katagum maƙwabciyarmu, ya buga littafin sunayen itatuwa na Hausa a 1916, da wani babba a kan amfaninsu a 1937. Aiki ne mai kyau, har itacen hano yana ɗauke da sunansa a littattafai, Boswellia dalzielii. Amma daga bakin mutanen ƙasa ya ji sunayen, ya ajiye su kusa da na Latin don amfanin waɗanda suke karanta Latin da Turanci. Mai kundi a Buji bai ƙaru da shi ba.

Wani zai ce, ai yanzu kowa da waya a aljihu, a ɗauki hoto mana. A ɗauka, yana da amfani. Sai dai hoto rana ɗaya yake kamawa, da ciyawar da ke bayan itacen da inuwar da ta faɗo masa. Mai zane kuwa yana tara fure na bazara da ɗa na kaka da saiwar da ke cikin ƙasa a shafi guda, ya tsaga furen ya nuna cikinsa, ya bar abin da ba ya rabe iri da iri. Don haka masana tsirrai ba su sallami masu zane ba har yanzu, mujallar Curtis ma tana fitowa daga lambun Kew da zanen hannu. Mu kuwa ba hannu muka rasa ba. Wanda yake rubuta Alƙur'ani da ka, ya sa wasali da ja, ya ɗiga hamza da rawaya da kore, ya zana zayyanar hizifi da ta sujada ba tare da ma'auni ba, ba ganyen sabara ne zai gagare shi ba. Yambari yana nan, ƙaro yana nan, alƙalamin gamba yana nan. Maƙwabtanmu na Birnin Kudu ma suna da shaidar cewa launin ƙasar nan yana daɗewa, ga zanen shanu na mutanen da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masana suka bayyana wa duniya a shekarun 1950. Abin da ake bukata shi ne mai zayyana ya zauna da maharbi ko makiyayi ko unguwarzoma, su nuna masa itacen a tsaye, ya zana abin da ya gani ba abin da ya fi kyau ba, ya rubuta sunan da ajami da boko, da garin da aka ji sunan, da watan da aka ga furen. In an kai kofe sashen tsirrai na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, su ƙara na Latin.

In za a fara, ni da kariya zan ce a fara, domin ita Turawa suke kira wardin hamada, kuma masu lambu a Tailan da Taiwan sun mai da ita kayan ciniki, suna fitar da launi iri iri suna sayar wa duniya a tukwane. Ba wardi ba ce ko kaɗan, ƴar'uwar tumfafiya ce, ba ta da ƙaya, kuma ruwan jikinta dafi ne wanda maharba suka sani, kada mai jin sunan wardi ya kai ta kusa da baki ko ido. Peter Forsskål, wanda ya rasu a Yaman a 1763, shi ya fara rubuta bayaninta, aka buga bayan mutuwarsa a 1775, kuma shi mutum ne mai rubuta sunan da Larabawan wurin suka faɗa masa kusa da kowane tsiro. Mai zana kariya sai ya je mata sau uku. Da rani zai same ta tsirara ba ganye, gindi a kumbure kamar tulu, fure ja mai farin ciki a kan rassa, mai baki biyar. Bayan furen ya kaɗe ya koma don kwanson, guda biyu a haɗe kamar ƙahon sa, wanda in ya fashe ƙwayar take fita da gashi a kai da gindi, iska ta ɗauke ta. Ganyen kuwa sai damina ta sauka.